Tsohon gem a sabuwar talabijin: ina matsalar hoton take, kuma wane gyara ne ya cancanci kuɗinsa?

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne a bakin duk wanda ya sake kunna tsohuwar na'urar gem. An samo Sega Mega Drive ko PlayStation 2, an jona ta da filasma mai inci hamsin, sai hoto ya fito dishi-dishi, launuka sun malale cikin juna, ƙananan rubutu ba sa karantuwa, kuma ɗan wasan da ke kan allo sai ya yi ɗan jim bayan an danna maɓalli kafin ya motsa. Wasu kan ce na'urar ce ta tsufa. Wasu kan ce dama haka hoton yake tun asali, ƙuruciya ce ta hana a gani.

Idan aka je neman magani, ruɗani ya ƙaru. A gefe guda akwai 'yar adafta mai arha da ke mayar da wayar AV zuwa HDMI. A ɗaya gefen akwai RetroTINK 4K, na'urar gyara hoto da ake sakawa tsakanin gem da talabijin, wadda ta fito a ƙarshen 2023 a kan dala 750, kuɗin da ya ninka farashin yawancin na'urorin da za a jona mata. Tsakaninsu kuma akwai wayoyi, da akwatuna, da allunan da ake liƙa wa na'ura da dalma, kowanne mai shi na cewa nasa ne mafita. Kafin a iya auna su, sai an fahimci hanyar da hoto ke bi daga cikin na'ura zuwa ido.

Hoton da aka ƙera domin talabijin mai doro

Tsohuwar talabijin mai doro ba ta da ƙayyadaddun ɗige-ɗige irin na filasma. Tana zana hoto ne layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa, da wani siririn haske da ke gudu a bayan gilashi. A tsarin Amurka da Japan, wato NTSC, layukan da ido ke gani kusan 480 ne, amma ba a zana su a tashi ɗaya. Ana zana rabi, sannan a dawo a cike gurbin da aka bari da sauran rabin, sau 60 a daƙiƙa. Wannan shi ne ake rubutawa 480i.

Masu ƙera na'urorin gem na shekarun 1980 da 1990 sun yi wata dabara. Maimakon rabi na biyu ya sauka a gurbin da aka bari, sai suka sa ya sake sauka a kan layukan farko. Abin da ya fito shi ne cikakken hoto mai layi kusan 240, sau 60 a daƙiƙa, ba ya rawa, da siraran baƙaƙen layuka a tsakani. Shi ne 240p. Da shi Famicom ta Nintendo ta 1983 ta yi aiki, da Mega Drive ta 1988, da Super Famicom ta 1990, wadda aka sani da Super Nintendo a Amurka da Turai, da yawancin wasannin PlayStation ta farko da Nintendo 64. Hoton Mega Drive galibi ɗigo 320 ne a faɗi da 224 a tsaye, na Super Nintendo kuwa 256 da 224.

A nan ne asalin matsalar take. Ba a taɓa rubuta 240p a cikin ƙa'idojin watsa shirye-shiryen talabijin ba. Talabijin mai doro ba ta damu ba, duk abin da aka ba ta zanawa take yi nan take. Filasma kuwa dole ta fassara siginar zuwa lambobi, kuma da yawansu idan suka ga 240p sai su ɗauke shi a matsayin 480i. Sai su riƙe hoto biyu suna ƙoƙarin saƙa su wuri guda, alhali kowanne cikakke ne. Daga nan abubuwa uku ke biyowa baya. Hoto kan yi laushi idan abu na motsi. Abubuwan da aka tsara su riƙa ƙyaftawa, kamar ɗan wasan da aka doka ko inuwar da ke ƙasansa, kan ɓace ko su koma zane-zane. Sannan jinkiri ya shigo, domin riƙe hoto da sarrafa shi na cin lokaci. Hoto ɗaya a tsarin 60 bai kai kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ba, amma idan aka tara uku ko huɗu, mai wasan tsalle-tsalle ko na dambe zai ji a yatsunsa.

Bindigar harbin agwagi ta Famicom, da ta kwaikwayonta masu kaset rawaya da suka cika kasuwannin Najeriya a da, ita ma a nan ta mutu. Tana dogara ne da hoto ya bayyana a daidai lokacin da aka aiko shi, shi ya sa ba ta aiki a filasma ko da an sayi waya mafi tsada.

Wayoyi, daga ƙasa zuwa sama

Mataki na ƙasa shi ne RF, wayar da ake cusawa a ramin eriya a nemo tasha. Hoto da sauti duk an cuɗe su a sigina ɗaya, talabijin ta sake warwarewa, ga yayyafi a allo. Famicom ta asali ta Japan wannan kaɗai ta zo da shi.

Sama da shi sai wayar AV da kowa ya sani, ja da fari na sauti, rawaya ta hoto. A cikin rawayar nan an haɗa haske da launi a layi ɗaya. Raba su ba ya yiwuwa sarai, don haka ake ganin ɗige-ɗige na rarrafe a gefen abubuwa, ja yana zuba cikin maƙwabcinsa, wani lokaci da bakan gizo a kan siraran zane.

S-Video mai ƙusa huɗu ta raba haske da launi, kowanne da hanyarsa. Masu wannan harka da yawa sun yarda cewa tazarar da ke tsakanin rawayar waya da S-Video ta fi wadda ke tsakanin S-Video da abin da ke samanta fitowa fili. Wannan batu ne mai muhimmanci ga mai lissafin kuɗi.

A sama akwai RGB, inda ja da kore da shuɗi ke tafiya daban-daban tare da siginar daidaita layi, da kuma kwamfonent mai kawuna uku, kore da shuɗi da ja, wadda a ido kusan daidai take da RGB. A Turai RGB kan bi ta SCART, babban soket mai ƙusa 21 da Faransawa suka ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1970, har suka wajabta shi a kan talabijin da ake sayarwa a ƙasarsu daga 1980. Amurka ba ta karɓe shi ba, ta bi S-Video sannan kwamfonent. Japan na da soket mai kama da SCART sak, amma tsarin ƙusoshinsa daban ne, kuma haɗa ɗaya da ɗaya ba tare da adafta ba na iya jawo ɓarna.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wasu na'urorin tun daga masana'anta suke fitar da RGB, wayar da aka saka a kwalinsu ce kawai ba ta ɗauke shi.

Kowace na'ura da halinta

Mega Drive, da Super Nintendo ƙirar farko, da Sega Saturn, da PlayStation ta 1994 duk suna da RGB a soket ɗinsu na baya. Waya kawai suke buƙata. Ƙaramar Super Nintendo da aka fitar a Amurka a 1997 kuwa an cire mata RGB da S-Video, sai an buɗe an yi aiki kafin su dawo.

Famicom da NES, ƙirarta ta Amurka da Turai, sun fi kowa taurin kai. Guntun da ke zana hotonsu kai tsaye yake samar da siginar rawayar waya, babu RGB a ciki da za a jawo. Mai son sa sai ya saka allo na musamman, irin NESRGB na Tim Worthington, wanda ke buƙatar a cire guntun hoto mai ƙafa 40 daga allon na'urar ba tare da an ƙona shi ba. Nintendo 64 ta 1996 iyakarta S-Video, kuma ko an yi mata gyara, wani sashe na laushin hotonta daga cikinta yake, domin an tsara ta ta riƙa shafe kaifin gefen abubuwa.

Daga 1998 zuwa sama labari ya sauya. Dreamcast na fitar da 480p ta VGA, wato wayar allon kwamfuta, cikakken layi 480 ba tare da saƙa ba, kuma yawancin wasanninta sun yarda da shi. Xbox ta farko da Wii suna ba da 480p ta kwamfonent. GameCube ƙirar farko tana da ramin dijital a bayanta, wanda Nintendo ta cire a ƙirar 2004. Aikin GCVideo ne ya buɗe hanyar ƙera 'yan adaftocin HDMI da ake cusawa a ramin ba tare da kwance ko da noti ɗaya ba.

PlayStation 2, wadda ta fito a 2000 ta kuma mamaye gidajen gem daga Kano har Maraɗi saboda wasan ƙwallo, ita ce mai wuyar sha'ani. Tana da kwamfonent, tana da RGB, amma yawancin wasanninta 480i ne na gaskiya, don haka kyawun hotonsu a filasma ya dogara da ƙwarewar abin da ke saƙa layukan. Akwai kuma tarko biyu. Na farko, a cikin saitinta ana zaɓar RGB ko kwamfonent, kuma idan zaɓin ya saɓa da wayar da aka jona, allo kan yi baƙi ko ya koma kore, a yi zaton na'urar ta lalace. Na biyu, idan aka saka faifan PlayStation ta farko, 240p take fitarwa, kuma filasma da yawa ba sa karɓar sa ta kwamfonent, sai dai su ce babu sigina.

PAL, NTSC da wutar lantarki

Wannan sashe ya fi shafar mai saye a kasuwannin Afirka ta Yamma, inda kayan Turai da na Amurka da na Japan ke haɗuwa a kanta ɗaya. Najeriya da Gana tsarin PAL suka bi, irin na Ingila da Jamus: layi 576, sau 50 a daƙiƙa. Nijar ta bi SECAM na Faransa, shi ma 50. Na'urar Amurka ko Japan idan aka jona ta da rawayar waya a talabijin da PAL kaɗai ta sani, baƙi da fari za a gani, wani lokaci hoton yana birgima. Da RGB wannan matsalar launi ba ta tasowa, domin ba a dunƙule launin a tsarin kowa ba.

Bambancin 50 da 60 ba a hoto kaɗai ya tsaya ba. Wasanni da yawa na zamanin Mega Drive da Super Nintendo an rubuta su a Japan ko Amurka, aka kai Turai ba tare da an daidaita su ba. Sai suka riƙa tafiya da kusan kashi 17 cikin ɗari ƙasa da saurinsu na asali, da baƙin fili a sama da ƙasan allo. Sonic na farko na 1991 sanannen misali ne, har kiɗansa ya fi nawa a na'urar Turai. Shi ya sa saka wa Mega Drive ta Turai makunnin sauya 50 zuwa 60 ke cikin gyare-gyare masu arha da amfaninsu ke bayyana nan take, da sharaɗin ana amfani da RGB, don rawayar waya kan rasa launi bayan sauyin.

Sai wuta. Amurka na kan bolt 120, Japan 100, mu kuma 220 zuwa 240. Babbar PlayStation 2 ta Amurka ko Dreamcast ta Japan idan aka cusa ta kai tsaye a soket ɗin bango, ba sai an yi maganar ingancin hoto ba. A karanta rubutun da ke bayan na'ura ko jikin cajarta, in ba ta kai 240 ba a nemi taransifomar rage wuta.

Akwatin da ke tsakani

Tunda filasma ba ta iya fassara 240p, sai aka ƙirƙiro akwatunan da ke yi mata aikin, su miƙa mata hoton da ta saba da shi ta HDMI. Framemeister na kamfanin Micomsoft na Japan ya daɗe yana jan ragama kafin a daina ƙera shi. OSSC, wanda Markus Hiienkari ɗan ƙasar Finland ya tsara, ya bi wata hanya: yana ninka kowane layi da zarar ya iso, sau biyu ko uku har biyar, ba ya jiran hoto ya cika, don haka jinkirinsa kusan babu. Rauninsa shi ne ba ya karɓar rawayar waya ko S-Video, kuma ba kowace talabijin ke amincewa da abin da yake fitarwa ba. Mike Chi ya fito da RetroTINK 2X a 2018, mai karɓar AV da S-Video da kwamfonent ba tare da dogon saiti ba, sannan 5X Pro a 2021, wadda ta ƙware wajen saƙa 480i, abin da masu PlayStation 2 suka fi buƙata. Ga mai ƙaramin ƙarfi da ya iya riƙe abin dalma, akwai GBS-Control, manhajar da masu sa kai suka rubuta domin inganta wani allo mai arha, GBS-8200.

Lissafi na da hannu a nan. Layi 240 sau uku ya ba da 720 cif, sau tara ya ba da 2160 na 4K cif, amma 1080 sau huɗu da rabi ne. Dole ko dai a ninka sau huɗu a bar baƙin fili, ko sau biyar a yanke sama da ƙasa kaɗan, ko a yarda wasu layuka su fi wasu kauri. Wannan ne hujjar masu sayen akwatin 4K, musamman idan suna son a kwaikwayo baƙaƙen layuka da ƙwayar gilashin talabijin mai doro dalla-dalla.

'Yar adafta mai arha fa? An ƙera ta ne domin bidiyo da dikoda. Kuskuren da filasma ke yi shi take maimaitawa, ta ɗauki 240p a matsayin 480i, ta ƙara nata jinkirin, wani lokaci ta miƙe hoton ya cika faɗin allo. Amfaninta ɗaya: talabijin da ba ta da ramin AV sam za ta nuna wani abu.

Inda ra'ayi ya rabu

Ba kowa ya yarda cewa kaifin hoto shi ne kyau ba. Masu goyon bayan RGB na cewa shi ne ainihin abin da na'ura ta zana, duk abin da ya biyo baya lalacewa ce a hanya. Suna kuma kafa hujja da cewa a Faransa da sauran Turai an yi wasa da RGB tun a wancan zamani.

Ɗaya ɓangaren na cewa masu zanen wasannin sun san da wace waya yawancin jama'a za su gani, suka yi amfani da rauninta. Mega Drive launi 61 ko makamancin haka take iya nunawa a lokaci guda, kuma ba ta iya yin abu mai shara-shara yadda Super Nintendo ke yi. Sai masu zane suka riƙa jera siraran layuka ko ɗige-ɗige masu launi biyu, rawayar waya ta narkar da su su koma launi na uku. Ruwan da ke zubowa a matakin farko na Sonic haka yake: ta AV kamar ana hango bayansa, ta RGB kuwa sanduna ne a tsaye. Kowane ɓangare na da gaskiya a kan wasu wasanni. Rubutu da taswira sun fi fitowa a RGB, inuwa da hayaƙi da ruwa na wasu wasannin Sega sun fi dacewa da AV.

Akwai rabuwa ta biyu, tsakanin masu riƙe da na'urar asali da masu cewa a huta. MiSTer, aikin masu sa kai, da Super Nt ta 2018 da Mega Sg ta 2019 na kamfanin Analogue, suna sake gina da'irar tsohuwar na'ura a cikin guntu na zamani, su fitar da HDMI kai tsaye. Manhajojin kwaikwayo a kwamfuta ko waya kuma kusan kyauta ne. Wanda wasan kawai yake so, wannan hanya ta rage masa wahala. Wanda kaset ɗinsa da na'urar da ya taso da ita yake so, ba ta biya masa buƙata.

Abin da ya rage ga mai aljihu

Gyara mafi arha ba ya cin ko sisi. A shiga saitin filasma a kunna yanayin gem, wanda ke kashe yawancin sarrafa hoto ya rage jinkiri. A mayar da siffar allo 4:3, domin babu wasan Sega ko Nintendo na wancan lokaci da aka zana don ya cika faɗin 16:9. A rage kaifin da talabijin ke ƙarawa da kanta, a kashe saitin da ke sulɓe motsi.

Bayan wannan, ga duk na'urar 240p, zaɓin da ya fi ba da riba a kan kuɗinsa shi ne talabijin mai doro. A Amurka da Turai masu tara kaya sun sa farashin allunan Sony PVM masu doro na gidajen talabijin ya yi sama, Sony kuma ta daina ƙera talabijinta mai doro, Trinitron, tun 2008. A nan kuwa har yanzu ana samun masu doro a shagunan masu gyara da ɗakunan ajiya, kuma waɗanda aka shigo da su daga Turai sau da yawa suna da SCART mai karɓar RGB a baya, ramin da yawancin masu su ba su taɓa cusa komai a ciki ba. Idan ramukan biyu ne, galibi na farko ne mai RGB. Illarta a fili take: nauyi, cin wuri, da shan wuta fiye da filasma mai girmanta, abin da mai inbata ko ƙaramin janareta zai lissafa. Cikinta kuma na riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare ta daga soket, buɗe ta aikin mai gyara ne.

Sai waya. Ga mai PlayStation 2, Xbox ko Wii da filasmarsa ke da ramukan kore da shuɗi da ja, wayar kwamfonent ita ce ƙaramin kuɗi mai babban tasiri. Amma waya marar rufin kariya a ciki kan sa sauti ya riƙa ƙugi idan allo ya yi fari, kuma wayar SCART ta Mega Drive ko Super Nintendo da ba a saka wa kayan rage ƙarfin sigina daidai ba na iya cutar da akwatin da aka jona ta.

Akwatin tsakani yana da ma'ana ne ga mai na'urori uku ko huɗu da filasma ɗaya, tunda sau ɗaya za a saya ya yi wa duka aiki. Allunan HDMI da ake liƙawa a ciki, irin na Nintendo 64 ko Dreamcast, su ne ƙarshen layi: kowanne na'ura ɗaya yake yi wa aiki, da dala ake sayen sa, ga kuɗin jirgi da kwastan, ga buƙatar hannun da ya saba da dalmar ƙafafu masu sirantar gashi, wanda ba kowane mai gyaran rediyo ke da shi ba.

Akwai aikin ciki guda da ya riga duk waɗannan, ko da yake ba ya ƙara wa hoto ko ɗigo ɗaya. Kafasitocin na'urar da ta haura shekara 25, wato ƙananan sassan da ke adana wuta a cikinta, suna bushewa ko su yi yoyo. Game Gear ta Sega ta yi ƙaurin suna a kan haka, sautinta ya dushe, allonta ya yi duhu. Xbox ta farko, ban da ƙirarta ta ƙarshe, tana da kafasitar agogo da ke zubar da ruwa ya cinye layukan allo, kuma cire ta kawai ya isa, na'urar na ci gaba da aiki, sai dai ta riƙa tambayar kwanan wata duk lokacin da aka ɗauke wuta.